Baki Shi Ke Yanka Wuya: Darasi Kan Cututtukan Baki da Maƙogwaro da Abin da Ke Kawo Su

  

Mu 'yan ajin ƙarshe, darasin da aka ba mu a littafin bana shi ne cututtukan baki da maƙogwaro. Wani zai ce, to me ya haɗa ɗan makaranta da zancen dokta? Ai da yawa. A tajwidi an koya mana cewa haruffa suna fita daga manyan wurare 5: sararin baki, maƙogwaro, harshe, leɓɓa da cikin hanci. Haruffa 6 daga maƙogwaro suke fita. Harafin fa'un sai leɓen ƙasa ya taɓa haƙoran sama. Zalun sai kan harshe ya taɓa bakin haƙoran gaba. Kun ga ke nan baki da wuya su ne kayan aikinmu, kamar yadda keke yake ga tela. Da su muke karatu, da su muke ci da sha, ta nan kuma numfashi ke wucewa.

A nan Zangon Kumasi, in baki ko wuya ya yi ciwo, sunayen da muke ba shi ba su da yawa. A ce tsutsa ce, a ce zafi ne, a ce basir ne ya hau sama, a ce beli ne, ko a ce iska ce. Amma ciwukan da ke ƙarƙashin waɗannan sunaye sun bambanta, kowanne da sanadinsa. Akwai wanda ruwan ɗumi da gishiri ya ishe shi, akwai wanda in aka kwana da shi a gida ana iya rasa yaro. Wanda ya san sanadi shi zai iya bambance su. Abin da darasin nan yake so ya koya ke nan.

HAƘORI: WAI TSUTSA CE?

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6. Wajen shekara 6 kuma wani turmi yakan fito can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne, sai su ce a bar shi zai faɗi wani ya fito. A'a, wannan na din-din-din ne, in ya tafi ya tafi ke nan.

Zancen tsutsa a haƙori tsohon zance ne, ba mu kaɗai muka yi shi ba, mutanen Iraƙi na dā can da Turawa duk sun yi. A shekarar 1683 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro farin dattin haƙorinsa ya duba da gilashin ƙara girma, sai ya ga ƙananan halittu suna motsi a ciki. Su ne muke kira bakteriya a yau. A 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke, Willoughby Miller, ya bayyana yadda suke ɓata haƙori: suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan har rami ya samu. In ramin ya kai ga jijiya, shi ne mutum ba ya barci. To babu tsutsa. Bakteriya ne, da sukari, da lokaci.

Maganar lokaci ita ce mutane ba su lura da ita ba. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, asid yakan yi aiki na wajen rabin awa kafin miyau ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Wanda ya sha koko da sukari da safe ya tashi, sau ɗaya aka kai wa haƙorinsa hari. Wanda kuwa ya wuni yana tsotsar alewa, ya bi da cingam, ya sha sobolo, ya sha minaral, da dare ya zauna a majalisar ataya ya sha na fari da na biyu da na uku, bakinsa bai huta da asid ba tun safe. Haka jaririn da ake bari ya yi barci da kwalbar shayi mai sukari a baki, haƙoransa na gaba su ne ke fara yin baƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce wajen giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Gwangwanin minaral ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35. A 2023 gwamnatin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai sukari. Ita dai hukumar ta duniya, a rahotonta na 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. Ba ƙaramin abu ba ne.

Ramin haƙori ba ya cikewa da kansa. Kanumfari yakan rage zafi na ɗan lokaci, ramin yana nan. Wasu sukan ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, wasu su zuba garin taba, wasu har ruwan batir ko fetur. Waɗannan ƙona naman baki suke yi. In zafin ya ɗauke bayan haka, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma ta ci gaba a ƙasa ta tara mugunya. In kunci ya kumbura, kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, to hanyar numfashi ce ke shirin toshewa. Haƙori ɗaya yana kashe mutum ta wannan hanya. Asibiti ake zuwa a daren, ba a jiran gari ya waye.

DASASHI, WARIN BAKI DA LAUNIN HAƘORI

Farin dattin nan mai yauƙi, in ba a goge shi ba, yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori. Daga nan buroshi da asuwaki ba sa iya cire shi, sai likitan haƙori ya kankare. Dasashi yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini. Mai ganin jini sai ya ji tsoro ya daina goge wurin, alhali dattin ne ya kawo jinin. In an yi shekaru a haka, ƙashin da ke riƙe da haƙori yakan zaizaye, haƙori mai lafiya ya fara girgiɗi ya faɗi. Mukan ce tsufa ne ya zubar wa kakanninmu haƙora, amma mafi yawa wannan ciwon ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taba tana ƙara shi. Ciwon sukari yana ƙara shi, shi ma yana hana sukarin jini daidaita. Mai juna biyu ma dasashinta yakan yi saurin jini. Rashin bitamin C, wanda ake samu a lemu, gwaba, abarba da tumatir, shi ma yana sa jinin dasashi.

Warin baki, yawancinsa daga bakin yake fitowa: dattin bayan harshe, ciwon dasashi, ruɓaɓɓen haƙori da bushewar baki. Miyau shi ne mai wankin baki, shi ya sa in ya ragu, kamar lokacin barci ko azumi, wari yake ƙaruwa. Minti rufe shi yake yi na ɗan lokaci kawai.

Sai launi. Goro ya daɗe tare da mu, fataucinsa na cikin abin da ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Salaga da Kumasi. Yana rina haƙori ja, in aka haɗa shi da fure ko garin taba abin ya fi muni, don ita taba ba launi kaɗai take bari ba, za mu zo kanta. Akwai kuma wani launi da ba ruwansa da ƙazanta. A gundumar Bongo, a jihar Upper East, ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yaran da suka tashi da shan wannan ruwa haƙoransu sukan fito da ɗigo-ɗigo fari ko ruwan ƙasa, kuma gugar duniya ba ta fitar da shi. Fulorayid kaɗan, irin na man goge baki, yana ƙarfafa haƙori, mai yawa a ruwan sha yana ɓata shi. Saboda haka in mun ga abokin karatu da irin wannan haƙori, kada mu yi masa dariya mu ce ba ya wanke baki.

ƘURAJEN BAKI DA NA LEƁE

Su ma iri-iri ne. Akwai ɗan gyambo mai farin tsakiya da jan gefe da kan fito a cikin kunci ko a harshe. Yana da zafi in yaji ya taɓa shi, amma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma yakan warke cikin mako 1 zuwa 2. Cizon kunci, gajiya, damuwa ko ƙarancin jini sukan tayar da shi.

Akwai ƙuraje masu ruwa da kan feso a leɓe bayan zazzaɓin sauro. Ba zazzaɓin ne ke fita ta baki ba. Wata ƙwayar bairos ce mai suna harfis da ke kwance a jiki tun yarinta, in jiki ya yi rauni sai ta tashi. Wannan yana yaɗuwa, don haka mai shi kada ya sumbaci jariri, kada a haɗa kofi ko cokali da shi har ya bushe.

Akwai tsagewar gefen baki, wadda takan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ko bitamin B. Ganye, wake, ƙwai, kifi da nono suna taimaka mata.

Akwai farin abu kamar kindirmo da kan manne a harshe da cikin kunci. Wani irin naman gwari ne mai suna kandida. A jariri abu ne da aka saba gani, kuma yana da magani mai sauƙi a asibiti, ba a kankare shi da tsumma har ya yi jini. In babba ne yake ta samunsa, a gwada jini, don yakan biyo bayan yawan shan antibayotik, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau.

Mafi haɗari a cikinsu sunansa noma. Ba noman gona ba, kalmar Girkanci ce da ke nufin gyambo mai ci yana yaɗuwa. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin sauro. Da ƙaramin gyambo a dasashi yake farawa, da wari mai ƙarfi da dalalar miyau, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya yi baƙi ya huje. In ba a yi magani ba, yana kashe har 9 cikin 10. In an kama shi tun yana dasashi, antibayotik da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan ciwo tun 1999, kuma a watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman haka. Mutane sukan ce iska ce ko sammu, su yi ta yawon neman magani har lokaci ya ƙure. Yaro ramamme mai warin baki da kumburin kunci, asibiti a ranar.

MAƘOGWARO

Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, irin na mura. Yakan zo da yoyon hanci da tari da dishewar murya, ya tafi da kansa cikin mako guda. Antibayotik ba ya kashe bairos. Wanda ya je wurin mai kemis ya sayi jan kafso 4 ya haɗiye, ya yi asarar sidinsa, ya kuma koya wa bakteriyan jikinsa jure magani. Abin da ke taimakawa shi ne hutu, shan ruwa da yawa, kurkure wuya da ruwan ɗumi da gishiri, da farasitamol. Zuma tana lallashin wuya, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Wani lokaci kuma ba ƙwayar cuta ba ce sam. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, hayaƙin gawayi, hayaƙin igiyar maganin sauro a ɗaki rufe, da na bolar da ake ƙonawa, duk suna busar da wuya su sa ƙaiƙayi. Wanda ke cika ciki da tuwo ya kwanta nan take, asid ɗin ciki yakan hau ya ƙona wuya, ya tashi da ɗaci da dishewa. Mu ma masu karatu da ƙarfi, da ladanai, da masu jan baƙi a tafsirin watan azumi, igiyoyin murya sukan kumbura in an matsa musu. Maganinsa a rage magana, a sha ruwa. Amma dishewar da ta wuce mako 3 sai dokta ya leƙa.

Biyu ne ba a wasa da su. Na farko bakteriya ne da ake kira sitireb, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, wato mu da ƙannenmu. Alamarsa zazzaɓi mai zafi, haɗiya da ƙyar, tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro ta kumbura ta yi farin ɗigo, kaluluwa ta fito a wuya, kuma yawanci babu tari babu yoyon hanci. Wuyan yakan warke ko ba magani, a nan ne haɗarin yake. Bayan mako 2 zuwa 3 wasu yara sukan fara ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu, saboda garkuwar jiki ta ruɗe tana yaƙar jikin kanta. Har ƙofofin zuciya takan taɓa. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki, ko mace ta kasa ɗaukar nauyin ciki, asali kuwa ciwon wuya ne na yarinta. Maganinsa penisilin ko amoksisilin na kwana 10 cur, in dokta ya rubuta. Ba a tsayawa a kwana na 3 don an ji sauƙi.

Na biyu shi ne mashaƙo. Wata fata mai ruwan toka takan rufe maƙogwaro, wuya ya kumbura sosai, yaro ya riƙa numfashi da ƙara. Bakteriyan yana kuma fitar da dafi mai taɓa zuciya da jijiyoyi. Ta tari da atishawa ake ɗauka. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 ya ɓarke a Nijeriya, jihar Kano ce ta fi shan wahala, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba su cika rigakafi ba. A 2023 ya bayyana a yankin Damagaram a Nijar, da Siguiri a Gini. Mu Zango gidan baƙi ne, kullum motoci na zuwa da 'yan uwa daga waɗannan ƙasashe, mu ma muna zuwa. Kariyarmu ita ce allurar nan mai haɗe da rigakafi 5 da ake yi wa jarirai a wurin awo, a mako na 6, na 10 da na 14, wadda Ghana ta fara tun 2002. Mma, a duba katin awon ƙaninmu yau, a ga ko ukun sun cika, da ta ƙyanda ta wata 9 da wata 18.

ZANCEN BELI

Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. An daɗe ana ɗora masa laifin tari, amai, rama da ƙin kama nono, sai a kira wanzami ya cire. Wanzamai iyayenmu ne, muna ganin girmansu da sana'arsu ta gado. Amma beli halitta ce da kowa yake da ita, ba cuta ba ce. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙogwaro. Malaman tajwidi ma da sunansa na Larabci suke kiran ƙafun da kafun, don kusa da shi suke fita. In ya kumbura, ciwon da ya kama wuya ne ya kumbura shi, in ciwon ya warke zai koma daidai. Cire shi yana iya jawo zubar jinin da jariri ba zai jure ba, ko jini ya sarƙe shi, ko tetanos mai sandarar da jiki da ƙulle muƙamuƙi. In aska ɗaya ta bi yara da yawa, ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bin ta. Sannan ainihin ciwon, ko sitireb ne ko mashaƙo, yana nan ba a taɓa shi ba.

ABIN DA YA FAƊA WUYA

Iyayenmu mata da yawa suna yin sabulu a gida don samun na cefane. Sodar da ake haɗa sabulun da ita, in an narkar, ba ta da launi, kamar ruwa take. In aka zuba ta a robar ruwa ko kwalbar minaral aka ajiye a ƙasa, yaro mai ƙishi zai ɗaga ya sha. Likitocin Ghana sun daɗe suna kuka da wannan. Sodar tana ƙona leɓe da harshe da maƙogwaro nan take, bayan makonni kuma hanyar abinci ta tsuke, har miyau ya kasa wucewa, wani yaron sai an yi masa tiyo a ciki. In ya faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don abin da ya ƙona wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita. A wanke bakin da ruwa, a ɗauki robar a tafi asibiti. Gara ma tun farko a ajiye ta sama a kulle.

Ƙayar kifi in ta maƙale, mukan ce a haɗiyi lomar tuwo ko banku ta tura ta. Turawar tana iya ƙara soka ta ciki. Ƙaramin batir mai kamar kwabo na agogo ko kayan wasa, in yaro ya haɗiye, yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2.

KANSA DA KUMBURIN MUƘAMUƘI

Manyan abubuwan da ke kawo kansar baki da maƙogwaro su ne taba da giya, sai wata bairos mai suna HPV. Taba kowace iri: sigari, garin da ake shaƙa, wanda ake cusawa a ƙarƙashin leɓe, da shisha. Samarinmu suna cewa ai shisha ruwa ya tace ta, ga ƙamshin tuffa. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, gubar taba da ta gawayi suna wucewa, ga kuma tiyo ɗaya yana zaga bakuna. Dokar Lafiyar Jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 851, ta hana shan taba a wuraren jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kansar baki da farko ba ta da zafi, shi ya sa ake makara. Gyambon da bai warke ba bayan mako 3, tabo fari ko ja da ba ya gogewa, ƙullutu a wuya, ko haɗiya da ke ƙara wuya, a kai wa dokta ya gani.

A yara kuma a bambance kumburi biyu. Hangum bairos ne, yakan kumbura gefen kunne, ya saɓe cikin mako 1 zuwa 2. Amma kumburin muƙamuƙi da ke ƙara girma kullum-kullum, haƙora su fara girgiɗi ba dalili, yana iya zama wata kansar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 a Yuganda. Ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin sauro ya yi katutu, irin tamu. Tana girma da sauri, amma tana jin magani sosai in an zo da wuri, kuma tana cikin kansar yara 4 da inshorar lafiya ta Ghana ke biya.

WANDA KE JIRA DA WANDA BA YA JIRA

A taƙaice, ga yadda muka raba su.

Ana iya lura da shi a gida na 'yan kwanaki: ciwon wuya mai mura da tari, ɗan gyambo ɗaya a baki, ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi, dishewa bayan yawan karatu.

A je asibiti cikin kwana 1 ko 2: ciwon haƙori, ciwon wuya da zazzaɓi ba tari a yaro, farin harshe, jinin dasashi da ya ƙi tsayawa. Duk abin da ya wuce mako 3 bai warke ba shi ma ya shiga nan.

Yanzu-yanzu, ko da tsakar dare ne: numfashi da ƙyar ko da ƙara, kasa haɗiyar miyau, baki ya ƙi buɗuwa, kumburi a ƙarƙashin haɓa, fata mai toka a maƙogwaro, kuncin yaro ya kumbura da wari, shan soda ko haɗiyar batir.

Wurin zuwa bai yi mana nisa ba. Daga Aboabo, Asawase ko Sabon Zango, ga asibitin Manhyia kusa. Ga kuma babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda dattawanmu ke kira Ji, yana da sashen haƙori da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka kafa a 2003, tana biyan cire haƙori, fitar da mugunya da cike rami mai sauƙi. A sabunta kati tun ana lafiya.

ABIN YI KULLUM

Mu da muke alwala sau 5 a rana muna kurkure baki, kuma asuwaki sunna ce mai ƙarfi, mun riga mun sami rabin hanya. Maƙwabtanmu Asante ma suna da nasu icen, sokodua, da soson taunawa, sawere. Abin da ya rage shi ne a yi shi daidai. A yanke kan asuwaki a sabunta shi, a bi haƙori ɗaya-ɗaya ciki da waje har turaman baya, a goge harshe, kada a bar shi a gefen baki kawai ana yawo. A haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid sau 2 a rana, minti 2, na dare kafin barci shi ne mafi muhimmanci. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa mai kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba ya tsaya a kansa. A tofar, kada a bi da ruwa nan take. A sauya buroshi duk wata 3, kuma kowa da nasa. Zaƙi a sha shi tare da abinci, tsakanin abinci a sha ruwa.

Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Muna roƙon malamanmu su ware wannan rana a duba bakin 'yan ƙananan aji, a kuma tambayi iyaye katin awo. Mu kuma manyan ɗalibai, kowa ya karanta wa Baba da Mma wannan darasi a gida, musamman wurin soda, beli da ciwon wuyan yara, don da yawa daga cikin iyayenmu da kunne za su ji shi.

Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya, suna nufin magana. Mun ga ashe har abin da muke sa masa da yadda muke kula da shi sun shiga ciki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ƙannenmu, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya bar mu da bakin karanta littafinSa har ƙarshen rayuwa. Amin.